Daga Garwa zuwa Rumsiki a kan mashin, mu shida: ta wace hanya, kuma yaya za mu yi da Tela?

Ɗan Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon bayanina, abin ne ya daɗe yana cina.

Ina sayar da yadi a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru. Mu shida ne abokai, tun muna makarantar allo muke tare. Shekara huɗu ke nan, duk lokacin da damina ta ɗauke, ruwan mayo, wato kogi, ya janye, mukan rufe shago kwana biyu ko uku mu hau mashinanmu mu shiga daji. Mun je madatsar Lagdo, mun je kwazazzaban Kola kusa da Gidar, bara kuma muka nufi Poli. Bana muna son Rumsiki a watan Disamba. A Garwa aka haife ni, ga ni da 'ya'ya uku, amma duwatsun Kapsiki ban taɓa ganinsu ba sai a jikin kalanda. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya yi fataucin gyada ta can, kuma yakan ce akwai wani dutse da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar kwari kamar taɓarya a cikin turmi. Ina son in gan shi da idona.

Shirinmu shi ne mu bi tsohuwar hanyar burji: Gashiga, Dembo, Durbai, mu hau Burha, mu wuce Gili mu kwana a Rumsiki. Kashegari Mogode da Mokolo, sai mu sauka Marwa mu dawo gida ta kwalta. Mashinan: Boxer uku, TVS ɗaya, tsohuwar Yamaha AG ta malamin makarantarmu, sai kuma wani ɗan China da ya kai shekara tara a hannun mai shi. Wanda ya bi hanyar nan kwanan nan ya taimake mu da halin da take ciki, da inda ake samun mai, da abin da jandarma ke tambaya.

Amma ainihin abin da ya sa na yi rubutun nan shi ne mai tsohon mashin ɗin. Tela muke ce masa, don ɗinki ne sana'arsa, kuma a cikin shidan nan babu wanda ya fi shi kusa da ni. Bara muna dawowa daga gindin dutsen Hosere Vokre, bayan la'asar, ƙura ta sa kowa ya ja baya da na gabansa. Shi ne a ƙarshe, domin kullum shi ne a ƙarshe, ba ya son gudu. Ni ne a gaba, ina ta murɗa totur don mu kama kwalta kafin magariba. Sai da muka tsaya a wata mararraba za mu sha ruwa, ƙanina ya ce, ai mu biyar ne. Babu sabis a wurin. Na juya ni kaɗai, na yi tafiya mai nisan da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, kafin na same shi a bakin wani busasshen mayo, zaune a gindin tsamiya. Yashi ya kayar da shi, mashin ya danne masa ƙafar dama, salansa ta kwanta a kan sha-raɓarsa. Ya naɗe wando zuwa gwiwa, fatar wurin ta saluɓe, faɗinta ya kai tafin hannu. Wani yaro makiyayi ne ya ɗaga masa mashin ɗin, ya ba shi ruwa a gorarsa, yana tsugune kusa da shi yana kore masa ƙuda da ganye.

Da ya gan ni bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kun dawo?"

Ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita ke nan. Sati uku bai yi aiki ba, ga iyali. Mun haɗa masa kuɗin magani, ya karɓa ya yi godiya, amma tun daga ranar in na je shagonsa hirar ba ta yin nisa.

Yanzu ya ce zai je Rumsiki, kuma da wannan mashin ɗin. Biyu daga cikinmu sun ce a lallaɓa shi ya haƙura, wai hanyar dutse ta fi ta Poli wuya, zai ja mana dare a inda bai kamata dare ya same mu ba. Ɗaya ya ce in goya shi a bayana. Na san Tela, in na ce ya hau bayana kamar na ce masa bai isa ba ne. In kuma muka tafi muka bar shi, to sau biyu ke nan. Ni dai raina bai ba ni in tafi ba shi ba, amma ba na son son zuciyata ya jefa mutum shida cikin wahala. Me kuka gani?

Tsohon Bakanike

Wa alaikumus salam. Ɗana, na fi shekara 30 ina kwance mashin ina ɗaurawa a Marwa, bari in faɗa maka gaskiya: ba tsufan mashin ne ya kayar da abokinka ba, jerin da kuka yi ne ba daidai ba. Mai sanyin tuƙi ba a sa shi a baya. Na biyu ake sa shi, dab da jagora, yadda jagora zai riƙa ganinsa a madubi, gudunsa ya zama gudun kowa. Wanda ya fi ku iya tuƙi shi ne zai tsaya a ƙarshe, kayan gyara a bayansa. Kowa ya bar fitilarsa a kunne ko da rana tsaka, kuma kowa ya ɗauki na bayansa a matsayin amana: in ka zo mararraba ba ka wucewa sai ka hango fitilar mai bin ka. In ya ɓace maka, ka tsaya. Na gabanka zai ga ka ɓace shi ma ya tsaya, haka har labari ya kai ga jagora ba tare da waya ba.

Mashin ɗinsa kuwa a kai shi wurin bakanike sati biyu kafin tafiya, ba ana gobe ba, don ya hau shi a gari ya ji abin da bai zauna ba. A canza sarƙa da haƙoranta na gaba da na baya gaba ɗaya, kada a ɗora sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori. A canza takalmin birki, igiyar kuloci da ta totur, a ɗaure wayoyin ƙafa, a sa taya mai gurza-gurza. A kai wa mai walda ya yi masa ƙarfen kare ƙafa, ya kuma rufa wa salansa gwangwani mai huji. Da akwai wannan bara, da ƙurjewa kawai zai yi. Kuma kada in ji an hau dutse da silifas. Takalmi mai rufe idon sawu, wando mai kauri, hular kwano.

Abin da ya fi kashe mutane a gangara shi ne ɗabi'ar 'yan acaɓa ta kashe inji ko sakin giya don tsimin mai. A cikin gari ka sha, a dutse ba ka sha ba. Birkin mashinan nan naku in aka daɗe ana danna shi zafi yake ɗauka, sai ka taka ka ji kamar ka taka soso. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka, inji ya riƙe ka, birki ya zama ɗan taimako.

Yashin mayo: giya ta biyu, ka ja jikinka baya, idonka a ɗaya gaɓar, kada ka taɓa birkin gaba, kada ka saki wuta a tsakiya. Rage iskar taya kaɗan yana taimakawa, amma da kun fita kun shiga duwatsu ku mayar da ita, in ba haka ba bakin ƙarfen ƙafa zai datse tiyub wuri biyu, facin da ba ya kamawa ke nan. Mai tsoron yashi ya sauka ya tura da inji a kunne, babu abin kunya.

Ku riƙe tiyub biyu na gaba biyu na baya, famfo, kayan faci, fulogi, mahaɗin sarƙa, baƙin mai lita ɗaya, da robar tsohon tiyub mai yawa don ɗauri. Man kwalba na bakin hanya za ku samu a kusan kowane babban ƙauye, sai dai ku ɗaga kwalbar ku duba gindinta ko ruwa ya kwanta, ku kuma tace da ƙyalle mai tsabta. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwaurin da ake shigowa da shi daga can, ya daina arhar da muka sani, don haka ku cika tanki a gidan mai kafin ku bar kwalta. Kowace yamma a cire soson iska a kakkaɓe, ƙurar hunturu toshe shi take yi mashin ya riƙa shan mai yana kasa hawa.

Ku tafi da Tela.

Mai Dankalin Mogode

Malam Ɗan Garwa, sannu da ƙoƙari. Baba ya gama maganar ƙarfe, ni ta hanya zan yi, don dankalin turawa nake saye a ƙauyukan Mogode ina kai wa Mokolo da Marwa, kusan kowane mako ina kanta.

Shawarata ku juya tafiyar. Ku fara bin kwalta zuwa Marwa, kilomita 200 da 'yan kai, ku kwana, da safe ku hau Mokolo, wajen kilomita 80. Dalilina shi ne labari. A Mokolo ne za ku ji abin da ya faru jiya da shekaranjiya a kan dutse, daga bakin direbobi da 'yan acaɓan da suka sauko da asuba, musamman ranar Laraba da kasuwa ke ci. In an ce lafiya har Burha da Durbai, sai ku gangara gida ta burjin da kuke marmari. In an ce a dakata, kun dai ga Rumsiki, ku juyo ta inda kuka zo. Amma in kuka fara ta Dembo, za ku shigo ta baya ba ku san komai ba, kuma baƙo ko da idonsa makaho ne.

Daga Mokolo zuwa Rumsiki kilomita 50 ne da ɗan ɗori, amma kada lissafin kilomita ya ruɗe ku. Damina tana wanke jar ƙasar ta bar tsirarun duwatsu, wasu wuraren kamar matakala. Ni da na saba, in na ɗora buhu biyu, ina cin awa biyu. Ku ba kanku uku, har da tsayawa kallo, domin za ku tsaya. Kun baro Mokolo kuna ganin yadda mutanen Mafa suka jera duwatsu suka yanka jikin tudu hawa-hawa suna shuka dawa a kai, aikin kakanni da har yau ake gyarawa da hannu kowace shekara. Kafin ku isa Mogode dogayen duwatsun za su fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Masana sun ce toshiyar bakin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ce, jikin ya zaizaye ya bar su a tsaye. Wanda mahaifinka ya faɗa maka, Allah ya gafarta masa, yana nan, daga bakin garin Rumsiki za ka gan shi, bayan kwarin kuma Najeriya ce, ƙasar Michika. Mutanen Kapsiki na nan da mutanen Higi na can dangi ɗaya ne. In hazo ya yi kauri ba za ka ga komai sosai ba sai inuwarsa, don haka farkon Disamba ya fi ƙarshensa, kuma kallon sassafe ya fi na rana.

Yanzu maganar da ta fi nauyi. Arewacin Mokolo ku bar shi: Koza, Mozogo, Turu, duk wannan layin kan iyaka. Na san ana yaba hanyar Koza da lanƙwasarta, amma ba yanzu ba. Tun 2013, shekarar da 'yan Boko Haram suka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a wajen Dabanga, aka kuma ɗauke wani limamin coci Bafaranshe a Ngecewe kusa da Koza, ƙasar nan ba ta koma yadda take ba. A shekarar ce aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo. Turawan da ke cika Rumsiki suka ɗauke ƙafa, masu saƙa da maƙeran tagulla da yaran da ke yi wa baƙi jagora suka shiga wani hali. Ɓangarenmu na kudu ya fi sauƙi, amma masu satar mutane don kuɗin fansa ba su da iyaka, kuma dare ne nasu.

Ku kuma tuna da yadda za a gan ku. Samari shida a kan mashina shida a jere, da kaya a ɗaure, fuska a naɗe da rawani saboda ƙura: a ƙasar nan wannan siffa ce da mutane suka koyi gudu in sun hango ta. In kun doso ƙauye ko shinge ku rage gudu tun daga nesa, ku buɗe fuska, ku kashe inji, hannu a fili. Katin ɗan ƙasa, kart giriz, asirans da permi, wato takardar rajistar mashin, inshora da lasisin tuƙi, su kasance a aljihun gaba, ba a ƙasan jaka ba. Akwai jandarma, akwai sojojin BIR, wato rundunar kai ɗaukin gaggawa, akwai kuma 'yan sintirin ƙauye masu igiya a kan hanya, kowa a gaishe shi da mutunci. Kada ku ɗauki hoton shinge ko soja. Da kun isa Mogode ku shiga birgad, wato ofishin jandarma, ku rubuta sunayenku da inda za ku kwana, a Rumsiki kuma ku fara da gaida lawan, wato mai gari, kafin ku sauke kaya, da ɗan goro ko sukari a hannu. Fulatanci zai yi muku aiki ko'ina, Hausa ma ana ji a kasuwa saboda cinikin Mubi. La'asar ta same ku a masauki.

Ku zo da bargo da rigar sanyi. Ku mutanen Garwa kun saba da zafin bakin Binuwai, a nan sama ruwan alwalar asuba sai ka daure.

Uwar 'Yan Biyu

Ƙanena, ni ban goyi bayan tafiyar nan ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Kana da 'ya'ya uku, abokinka yana da iyali. Kun tambayi iyayenku mata da matanku, ko kuwa sai an ɗaure kaya za su ji? Ni na zauna a Mura shekarun da abin ya yi tsanani, na san yadda mace ke kwana ido biyu tana jiran ƙarar mashin a ƙofar gida. In dutse kuke so, ku zo Ngaundere. Hawan falez, wato tsaunin da ake haurawa kafin a shiga garin, shi kaɗai ya ishe ku lanƙwasa, ga tafkin Tizon a bayan gari, ga magangarar ruwa ta Tello ta hanyar burji, ga sanyi. Rumsiki ba za ta gudu ba.

A kan Tela kuwa, kuɗin magani kuka haɗa masa. Kai da kake gaba ranar, ka taɓa zama ka ce masa ka yi kuskure ya yafe maka?

Ɗan Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Yaya, tambayarki ta ƙarshe ta hana ni barci. Gaskiya ban taɓa ba. Na ɗauka komawar da na yi da kuɗin da muka bayar sun wadatar. Jiya bayan isha'i na je shagonsa, na same shi yana haɗa wuyan wata riga, na zauna a kan bencin da masu jiran ɗinki ke zama, na ce masa ni na ja tafiyar ranar, ni ne ban waiwaya ba, ya yafe mini. Ya daɗe bai ɗago ba, yana ta warware wani zare da bakin almakashi. Sannan ya ce ba ƙunar ce ta fi yi masa ciwo ba. Lokacin da yake kwance mashin na kansa yana jin ƙarar injinanmu tana nisa tana nisa har ta ɓace, wannan ne bai iya mantawa ba. Ya ce ya yafe. Mun yi hira har mai shayin bakin layi ya tashi.

Na karanta masa abin da Baba ya rubuta. Da na zo wurin mai sanyin tuƙi shi ne na biyu, ya ce in sake karantawa. Gobe za mu kai mashin ɗin wurin mai walda. Su biyun da suka ce a bar shi, ɗaya ya sauko, ɗayan ya ce zai yi tunani. In mu biyar ne za mu tafi, to mu biyar ɗin, amma da Tela. Malam mai Yamaha ya yarda ya tsaya a ƙarshe da kayan gyara.

Maganar gida kuma kin yi gaskiya, Yaya. Mahaifiyata na nan da rai, ranar Juma'a zan je in faɗa mata komai, har da abin da aka ce game da hanya. In ta ce a'a, Ngaundere za mu nufa, ba zan yi musu da ita ba. In ta sa albarka, za mu bi shawarar Mai Dankali, mu fara ta Marwa, kuma abin da aka faɗa mana a Mokolo shi za mu bi ko da bai yi mana daɗi ba.

Saura tambaya ɗaya. Muna so mu ɗauki ɗan gari daga Mokolo ya raka mu. Ya fi kyau ya hau bayan ɗayanmu, ko ya zo da nasa mashin?

Mai Dankalin Mogode

Da nasa, Malam. Goyo a kan hanyar nan yana gajiyar da mai tuƙi, kuma an san fuskarsa da mashin ɗinsa a kowane shinge, in yana gaba rabin tambayoyin sun ragu. Ku cika masa tanki zuwa da dawowa, ku yi cinikin ladansa tun kafin ku tashi. Shi a gaba, Tela a bayansa, kai na uku. In Allah ya kawo ku ranar Laraba, ku tambayi inda ake lodin dankali a kasuwar Mokolo, ba na barin wurin sai bayan azahar. Akwai wani ɗan acaɓa ɗan Gili da ke yi mini dako, in yana nan zan haɗa ku.